Ko Alli Ba Ta Iya Riƙewa

Ranar da aka zo ɗaukar hoton, da ƙafafunta Malama ta hau matakalar ofishin ƙungiyar da ke tallafa wa masu irin ciwonta. Hawa goma sha huɗu ne, kuma ko ƙarfen gefe ba ta dafa ba. Sandarta ma a ƙarƙashin hammata ta maƙale ta, don rannan ƙafar dama ta tashi da mutunci. Na fara da wannan ne saboda abin da za a faɗa a kanta daga baya.

Shekara uku ke nan da likita ya gaya mata sunan ciwonta, wai Em-Es. Ya ce garkuwar jikinta ce ta rikice, ta koma cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Mijinta, wanda aikinsa gyaran wayar lantarki ne, ya fi likitan iya bayani. Ya ce mata, "Kamar wayar da ɓera ya gaigaye robarta ce. Wutar tana nan, sai dai ba kullum take isa inda aka aike ta ba." Haka abin yake kuwa. Wata rana ta tashi garau ta yi wanki har da guga, wata rana ƙafa ta ce ba ta san ta ba. Bara ciwon ya kayar da ita sosai, ya raba ta da ajinta wata shida cur.

Aji huɗu take koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta, shekara goma sha ɗaya. Da ta murmure ta koma wurin Hedimasta, sai ya yi ta murza hannu yana kallon sandarta. Ƙarshe ya ce mai makarantar ya yarda a gwada ta zango ɗaya. In ta kai ƙarshen zangon ba tare da iyayen yara sun yi ƙorafi ba, ajin nata ne. In kuma an samu matsala, za a ba wata. Malama ta ce ta ji, ta kuma gode. Ajin nan shi ne abin da take tashi dominsa da safe, kuma kowa a gidanta ya san haka.

A yi wa ƙungiyar adalci, ita ta tsayar da Malama a kan ƙafafunta. Suna da wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, gajeriya mai faɗa, wadda ta yi ta zuwa gidansu sau biyu a mako tana lanƙwasa mata ƙafa tana miƙewa, har Malama ta riƙa zaginta a zuci. Sista ce ta kawo mata 'yar shara mai aljihuna da ake cusa ƙanƙara a ciki, saboda zafi shi ne babban abokin gabar masu wannan ciwo. Jikinsu na ɗaukar zafi, sai ido ya dushe, hannu ya mutu, ƙafa ta yi nauyi, har sai an huce. Kowace Alhamis masu ciwon kan taru a falon ƙungiyar su sha shayi su yi wa juna tsiya. Akwai Baba Direba, tsohon direban babbar mota, wanda 'ya'yansa biyu ke ciccibo shi daga tasi zuwa kujera, don wata bakwai ke nan sunansa na cikin jerin masu jiran keken guragu. Akwai kuma wata likita mai bincike da kan zo ta ɗebi jininsu, tana neman gane abin da ke tayar da ciwon bayan ya lafa. Ƙungiyar ce ke ɗaukar nauyin binciken nata, kuma an ce tallafin ya kusa ƙarewa.

Saboda haka da aka ce ana neman wanda zai fito a tallar neman taimako, Malama ba ta yi gardama ba. Har kwalliya ta yi, ta sa mayafinta mai ruwan goro, ta shirya abin da za ta ce: ciwon nan ba ƙarshen duniya ba ne, ga ta nan za ta koma aji ranar Litinin.

Sista ba ta nan rannan, ta fita zagayen gidajen marasa lafiya. Wadda ta tarbe ta sabuwar jami'ar yaɗa labarai ce da aka ɗauko daga wani kamfanin talla. 'Yan Alhamis sun riga sun laƙaba mata suna, Anti Allah-Sarki, don ko gaishe ta ka yi sai ta karkatar da kai ta ce "Allah sarki." Ta dubi Malama daga sama har ƙasa, fuskarta ta ɗan faɗi, kamar wadda ta aiki yaro sayen nama ya dawo da ƙashi.

"Allah sarki, Malama. Ai kin yi kyau da yawa."

"Laifi ne?"

"A'a, ba laifi ba ne. Sai dai kin san mutane, in ba su ga abu da idonsu ba, hannunsu ba ya shiga aljihu. Ɗan goge jan bakin nan mana. Ga wani mayafi nan ruwan toka, zai fi hawa da hasken."

Malama ta goge, ta sauya mayafin. Ta ce a ranta ai su suka san aikinsu. Sai ga mai kyamara ya turo keken guragu daga ɗakin ajiya, sabo fil, ledar kujerarsa ma ba a gama cirewa ba.

"Wannan fa?" in ji Malama.

"Na ɗaukar hoto ne. Zama kawai za ki yi."

"Ni da ƙafata na hawo. Kuma in akwai keke a ajiye, me Baba Direba yake jira wata bakwai?"

"Allah sarki, Baba. Nasa yana hanya. Wannan in muka bayar, da me za mu yi talla?"

Malama ta dubi keken. Ta tuna likita mai bincike da 'yan kwalabenta na jini, ta tuna Sista da gumin da ta sha a kan ƙafarta. Ta zauna a keken.

Mai kyamara ya sa abin ji a kunne, ya ɗaga hannu. Ya ce na'urar sanyi tana gurnani a makirufo, a kashe. Aka kashe. Ya ce fanka ma tana kaɗa mayafi, a kashe. Aka kashe. Ya ce ƙarar motoci na shigowa, a rufe tagogi. Aka rufe. Sannan ya kunna wasu manyan fitilu biyu ya dallare mata fuska da su, masu zafi kamar an buɗe murhun gasa burodi. A bangon da ke bayan kansa, daidai inda idon Malama yake sauka, akwai takardar da ƙungiyar da kanta ta buga da manyan baƙaƙe: MAI EM-ES YA GUJI ZAFI. Ba wanda ya waiwaya ya karanta.

Ta fara maganar da ta shirya. Anti Allah-Sarki ta katse ta.

"Bar zancen komawa aiki tukuna. Gaya mana ranar da kika faɗi a banɗaki."

"Wa ya gaya miki na faɗi a banɗaki?"

"Yana cikin fayil ɗinki. Faɗa mana a hankali, kina kallon ƙasa."

Aka ɗauka, aka sake, aka kuma sakewa. Wai muryarta ta yi ƙarfi. Wai ta yi murmushi a tsakiya. Gumi ya fara bin bayanta, ga 'yar sharar ƙanƙarar tana cikin jakarta a ɗaya ɗakin, don an ce tana sa ta yi ƙiba a hoto. Wajen minti ashirin sai idonta na hagu ya fara yin hazo. Ta san alamar sarai. Yatsun hannun dama suka fara tsitsitsi, sannan suka yi shiru.

"Don Allah ku kunna fanka. Zafin nan ba ya yi mini."

"Saura kaɗan, Malama, daure. Kawo allin nan."

Aka sa mata alli a hannu, aka ce ta ɗaga shi kamar za ta yi rubutu. Ta ɗaga. Aka ce ta sake, hasken bai faɗa daidai ba. A ɗagawa ta huɗu yatsun suka saki, allin ya faɗi a kan tayil ya karye biyu. Hawaye ya zubo daga idon da ya dushe, na fitila ne ko na takaici, ita ma ba ta sani ba.

"Yawwa," in ji mai kyamara, yana murmushi har kunne. "Shi ke nan, mun samu."

Anti Allah-Sarki har tafi ta yi, 'yar ƙaramar tafi da yatsu. Malama ta bi su da kallo. Mutum biyu masu hankali, suna tsaye suna murna don hannunta ya mutu. Kafin a kunna na'urar sanyi aka miƙo mata wata takarda a kan allon rubutu, aka ce izinin amfani da hoto ne, ta sa hannu a nan. Rubutun duk ya narke mata a ido. Da hannun hagu ta yi wani ɗan zane, don kawai a bar ta ta fita daga ɗakin.

Rabin awa ta yi a gaban na'urar sanyi da ƙanƙara a ƙirji. Ido ya washe, yatsu suka dawo. Ta sa mayafinta mai ruwan goro, ta sauka matakalar nan goma sha huɗu da ƙafafunta. A gida mijinta ya tambaye ta yadda aka yi, ta ce masa, "Bar ni kawai, na ga ƙazanta yau." Ta yi wanka da ruwan sanyi, ta ƙi cin abinci.

Litinin ta koma aji. Yara suka yi ta tsalle. Ta matsar da teburinta kusa da taga, ta riƙa canza ƙanƙarar sharar a firjin ofishin malamai lokacin tara. Mako uku ba ta makara ba, ba ta zauna a tsakiyar darasi ba, ta cika allo da rubutu ta goge ta sake cikawa. Har Hedimasta ya leƙo wata rana ya ce, "Malama, ashe da sauranki." Ta ce, "Da saura da yawa, ranka ya daɗe."

Ranar Talatar mako na huɗu, tana sauka daga bas a mahaɗar da ke fuskantar ƙofar makaranta, sai ta ga mutane suna ɗaga kai. Ita ma ta ɗaga. A kan babban allon talla, inda da ake tallar sabulu, ga ta nan zaune a keken guragu, fuskarta ta kai girman ƙofar shago. An ƙara wa hoton duhu, an zurfafa ramin idonta, ga hawayen yana sheƙi, ga allin a iska bai kai ƙasa ba. A ƙasa an rubuta: JIYA MALAMA CE. YAU KO ALLI BA TA IYA RIƘEWA. TAIMAKA.

Ta tsaya da garin alli a ƙarƙashin farcenta tun na jiya. Duk uwar da ta kawo ɗanta makaranta, duk uban da ya tsayar da mota a ƙofar, sai ya bi ta ƙarƙashin wannan fuska.

Ana tashi ta wuce ofishin ƙungiyar. Ta tarar da Sista ta riga ta fara yi wa Anti Allah-Sarki faɗa, muryarta har matakala.

"Ke da kika zo jiya, kin san me zafi ke yi musu? Kin karanta takardar da ke bango? Ni na yi wata shida ina tayar da ƙafar nan, ke kin kwantar da ita a minti ashirin don ki samu hoto."

Anti Allah-Sarki ko a jikinta. Ta juyo ta ga Malama, ta karkatar da kai.

"Allah sarki, Malama, zauna mana."

"Ba zan zauna ba. Zaman da na yi muku rannan ya isa. Wa ya ce ba na iya riƙe alli?"

"To, allin ya faɗi ko bai faɗi ba? Mu ba mu ƙirƙiri komai ba. Kuma ga sa hannunki." Ta juyo da kwamfutarta. "Ki duba alherin da kika jawo. Tun makon jiya da hoton ya fara fita a wasu unguwanni, taimako yake shigowa irin wanda ba a taɓa samu ba. An sabunta wa likita bincikenta shekara biyu. An yi odar kekuna, har da na Baba, wata uku su iso. Ke fa jaruma ce."

"A gaban makarantarmu kuka kafa shi."

"Kamfanin allon ne ya zaɓi wurin, wai akwai cunkoso. Ƙarshen wata za a sauke, kafin nan ba yadda za mu yi."

Abin da ya fi tayar wa Malama da zuciya shi ne matar ba ƙarya take yi ba game da taimakon. Shekara uku Sista tana yawo da takardu masu bayanin gaskiya, cewa ciwo ne mai zuwa ya tafi, cewa masu shi suna aiki suna aure suna haihuwa, ba wanda ya ko ɗaga kai. Sai da aka gasa mace da fitila aka kwantar da ita, sannan jama'a suka ji tausayi. Ta rasa wa za ta fi ƙyama, mai tallar ko masu bayarwar. Ta yi tsaki ta juya. Sista ta biyo ta har ƙasa tana ba ta haƙuri, idonta ya yi ja, ta ce za ta rubuta wa Hedimasta takarda da hannunta.

Ta rubuta kuwa, shafi biyu, ta bayyana komai. Hedimasta ya karɓa ya sa a aljihun tebur. Kwana biyu yana kauce wa Malama a baranda. Iyayen yara kuma suka canza gaisuwa. Wadda da take cewa "Malama, ya yaran?" yanzu sai ta riƙe mata hannu ta ƙi saki, tana "Sannu, sannu kin ji." Wata ta tambaye ta a gaban 'yarta ko ciwon ana ɗauka. Wani uba ya ce shi fa tsoronsa kada ta faɗi a kan yara. Duk wannan tana tsaye a gabansu a kan ƙafa biyu, amma allon ya fi ta girma, shi suka gaskata.

Ranar Juma'a a taron safe, bayan yara sun yi layi, Hedimasta ya ce akwai sanarwa ta musamman, Malamar aji huɗu ta fito gaba. Ta fito. A gefen dandamali ta hangi wata budurwa da sabuwar jaka da rajista a hannu, tana ta sunkuyar da kai. Nan take ta gane.

Hedimasta ya yi gyaran murya. Ya ce duk sun ga halin da 'yar'uwarsu take ciki, wanda saboda kunya da ƙarfin hali ta ɓoye musu. Ya ce iyaye sun zo sun same shi, mai makaranta ma ya yi magana, kuma an ga cewa zalunci ne a ci gaba da wahalar da baiwar Allah a wannan hali. Daga yau an sauke mata nauyin aji, ta je ta huta. Amma makaranta ba ta manta alheri, don haka iyaye da malamai da yara kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Ya yi alama da hannu. Shugabar ƙungiyar iyaye ta turo shi daga bayan ofis: keken guragu, sabo, an ɗaura masa jan ƙyalle a hannu. Aka ce yara su tafa, suka tafa. 'Yan aji huɗu ne kawai wasunsu ba su tafa ba, suna kallon malamarsu suna kallon keken, abin bai haɗu musu ba.

"Bismillah, Malama, zauna a yi hoto," in ji shugabar iyaye, wayarta a sama.

Malama ta dubi keken, ta dubi fuskokin nan masu sheƙi da jin daɗin kansu. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu, kuma wannan ya ƙara mata ƙyamar abin. Sun kore ta daga aikinta, suna jiran ta yi godiya.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Hedimasta, ba ta ɗaga murya ba, "a mako huɗun nan, na taɓa makara?"

"A'a, Malama, ba wannan ba ne..."

"Na taɓa faɗuwa? Akwai yaron da littafinsa bai sha jan biro ba?"

"Malama, an riga an yanke. Don lafiyarki ne."

Malama ta juya masa baya. Ta kama hannun keken ta tura shi, ba zuwa wurin hoto ba, zuwa aji huɗu. Ta kwashe littattafanta daga kabad, da taswirar da ta zana da hannunta, da kofin shayinta, da kwalin allin da ta saya da kanta, ta jibga su a kan kujerar. Ta ɗora sandarta a sama. Ta warware jan ƙyallen ta ajiye wa sabuwar malamar, wadda ta biyo ta ajin, a kan tebur, ta ce mata yaron da ke layin gaba ba ya ji sosai da kunnen hagu, a riƙa tsayawa ta damansa. Sannan ta turo keken ta tsakiyar fili, ta gaban layukan yara, ta fita ƙofa. Gidan Baba Direba ba nisa daga tashar bas ta uku, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ya ƙara jiran wata uku ba.

A mahaɗar sai da ta tsaya jiran motoci su wuce, daidai ƙarƙashin allon. Wata mai sayar da lemo da ayaba a inuwarsa ta dubi keken, ta dubi matar da ke tura shi da mayafi mai ruwan goro da jan baki.

"Sannu, 'yar'uwa. Marar lafiya gare ki?"

"Wani bawan Allah zan kai wa."

"Allah ya ba ki lada." Ta nuna sama da wuƙar ɓare lemo. "Irin ciwon waccan ne? Kullum in na kalle ta sai na ji abinci ya fita raina. Wai malama ce fa. Ai waccan tata ta ƙare."

Malama ta ɗaga kai ta dubi fuskar ruwan tokar, da allin da har yanzu bai kai ƙasa ba.

"Da safen nan ma ta yi rubutu a allo," ta ce. "Kwanan wata ta rubuta, kafin a kira taro."

Mai lemo ta buɗe baki tana kallonta. Motoci suka tsaya, Malama ta tura keken ta tsallaka titi, kwalin allin yana ƙara a kan kujerar.